Shekarar da Muka Ƙi Cin Tuwon Baba Garba

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Jiya da la'asar na bi ta kan gada zan tafi aji, na leƙa kogin Binuwai, sai na ga yashi ya fito a tsakiyarsa, mata suna wanki a wurin da jirgi ke juyawa a da. Da na isa, malaminmu na yaƙi da jahilci bai zo ba tukuna, 'yan aji kuwa sun kaure da gardama. Wani ya ce tashar da yake saurara ta ce za a raba hatsi. Wani ya ce tasa ta ce ƙarya ce, 'yan siyasa ne ke neman ƙuri'a. Na uku ya ce shi kada a ba shi komai, a dai ƙara masa albashi ya sayi nasa. Na zauna a kan benci ina fiƙe fensir. Na taɓa jin wannan gardamar a wata shekara da ta fi wannan tsanani, ina sabon ango, zamanin shugaban ƙasa na farko. Tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da rubutu, na ce bari in ajiye labarin kafin ya tafi tare da ni.

A lokacin ni lebura ne a tashar jirgin ruwa ta Garwa, wadda muke ce wa por. Aikin na damina ne. Idan kogi ya cika, jirage sukan taso daga can ƙasan Najeriya, babba yana tura ƙanana, ɗauke da gishiri da kwanon rufi da gangunan mai. Mu sauke, mu loda musu auduga da gyaɗa. Akan shimfiɗa katako daga bakin jirgi zuwa gaɓa, ka ɗora buhu a wuya ka bi ta kansa yana lilo da kai, ruwa ja yana gudu a ƙarƙashinka. Waɗannan 'yan watanni su ne shekararmu. Abin da ka samu a cikinsu shi za ka sa ka sayi dawa ka ajiye. Sauran shekara kuwa sai dako a kasuwa da ɗan noma a bayan gari. Tun kafin wannan shekara jiragen sun fara raguwa, simintin da suke kawowa ma an fara yin sa a garin Figil, amma dai muna rufa asiri.

Zafin Garwa ba baƙo ba ne gare mu, sai dai na bazarar nan daban ne. Ruwan randa kan yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Ka taka ƙasa da rana sai ka riƙa ɗaga ƙafa kamar kaza. Tabarma kanta zafi take yi. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya a guje, har ka ji ƙamshin ruwa a hancinka. Sai ya watse. Taurari su fito kamar ba a yi komai ba. Da aka samu ruwa na farko kowa ya fita da sungumi, muka shuka da murna. Tsiro ya fito, ya kai tsawon ɗan yatsa, ruwa ya ɗauke. Muka tsaya muna kallonsa yana yin rawaya yana kwantawa. Muka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ma haka.

Kogi bai cika ba. Jiragen da suka iso kaɗan ne, su ma da rabin kaya don kada su zauna a kan yashi. Lebura sun yi yawa, aiki ya yi kaɗan, lada kuwa yana nan inda yake tun shekarun baya. Dawa ce kawai take hawa. Ka yi yini kana ɗaukar buhu, ka biya ta kasuwa da abin da aka ba ka, mai awo ya zuba maka abin da ba zai kai gidanka gobe ba. A gidana Hadiza, amaryata, ta fara rage daka. Tuwon rana ya koma kunu. Kunun ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da safe matan unguwa sukan fita bayan gari su tsinko tafasa, wadda Fulani ke ce wa tasba, a dafa, a barbaɗa ɗan ƙuliƙuli idan akwai. Ƙarar turmi, wadda a da take tashin unguwa tun asuba, ta koma nan ɗaya can ɗaya.

Abu guda ne bai canza ba, shi ne ciyayya. A layinmu, bayan sallar magariba, magidanta sukan haɗu a ƙofar gidan Alhaji Sani, ƙarƙashin darbejiya. Kowane gida ya fito da kwanonsa a rufe da faifai. A jera su a tsakiyar tabarma, babba a cikinmu ya buɗe, a ci wannan, a jawo wancan, har a gama. Abin da ya rage a kwano, gidan mai kwanon yake komawa, yara su samu. Ba a tambayar wa ya kawo da yawa, wa ya kawo kaɗan. Kuma ba a ƙin tuwon mutum. Wanda ya janye hannunsa daga kwanon wani, ya zage shi ne shi da matarsa.

Babbanmu shi ne Baba Garba. Tare muke aiki a por, ya girme mu duka, amma har lokacin buhun gishiri ba ya ba shi tsoro. Gidansa na jikin nawa, zana ce kawai ta raba mu. Yana da mata ɗaya, Inna Dudu, da 'ya'ya ƙanana da ya samu da girma, autarsu Kande. Shi ba ya zuwa da kwanon ƙarfe, wani tsohon akushi baƙi yake kawowa, na gadon mahaifinsa. Alhaji Sani kuwa ɗan kasuwa ne, kakanninsa daga Kano suka zo da fataucin goro, kuma shi kaɗai ke da rediyo a layin. Sai Bulus, Kirista daga duwatsun wajen Mora, shi ma lebura ne, siriri, mai baki kamar reza. A kasuwa ya koyi Hausa, amma ya fi mu iya zagi da ita. Yana zama da mu, matarsa ta iya miyar gyaɗa. Akwai wasu magidanta biyu ko uku, amma waɗannan su ne masu gardama.

Rediyon nan ita ce gishirin zaman. Da farko Alhaji ya kama tashar gwamnati, a yi labarai da Faransanci, da Fillanci, sannan da Hausa. Kullum labarin ɗaya ne: damina tana tafiya daidai, manoma suna godiya, an buɗe kaza, an ƙaddamar da kaza. Idan an gama sai Bulus ya matso.

"Alhaji, juya mana ita mu ji masu faɗin gaskiya."

Alhaji ya waiga hagu da dama, don a zamanin ba kowace magana ake yi da ƙarfi ba, ya rage murya, ya murɗa har ya kamo tashar ƙasar waje. Ita kuma sai ta ce daga nan har bakin hamada mutane suna faɗuwa a hanya, garuruwa sun watse. Ɗaya ta ce mun ƙoshi, ɗaya ta ce mun mutu. Mu kuwa ga mu a zaune a tsakiya muna lasar miyar kuka.

"Ka ji ko, Baba?" in ji Bulus. "Duniya ta san halinmu, masu mulkinmu ne kawai ba su sani ba."

"Rufe mana baki, ɗan dutse," in ji Baba Garba. "Mai maganar nan ya taɓa shan ruwan Binuwai? Shugaban ƙasa ɗan garin nan ne. Na san unguwarsu. Ba zai bar mu mu lalace ba."

"To ya ƙara mana lada mana, tunda ɗan garinku ne."

"Ana shiri. Komai da lokacinsa."

Alhaji kuwa nasa ra'ayin daban. Da aka fara raɗe-raɗin za a kawo hatsin taimako, sai ya girgiza kai.

"Ni wannan abin ba na son sa. Ka ba mutum hatsi kyauta bana, baɗi ba zai ɗauki fartanya ba, zai zauna bakin hanya yana jiran kamiyo, motar rabon hatsi. Aiki shi ne mutuncin namiji."

"Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya," in ji Bulus, "dubi wuyana. Wannan kanta ta zaman bakin hanya ce? Tun asuba nake aiki, kuma ladan yinin ba ya ciyar da ni a yinin. To wane aikin kuma zan yi? Kai kanka nawa kake ba masu sauke maka goro?"

"Abin da kowa ke bayarwa."

"To shi ne ciwon."

Sai a yi dariya, Baba Garba ya buɗe akushi, a ce bismilla, Bulus ya yi tasa addu'ar a zuci, gardama ta tsaya sai gobe.

Wata rana da hantsi muna sauke gishiri sai ga mota ta tsaya a por. Mutum biyu suka fito da riguna masu guga, ɗaya yana rataye da akwatin ɗaukar magana. Daga gidan rediyon gwamnati suke. Kapita, wato mai kula da mu, ya tura Baba Garba gaba, don shi ne babba kuma ya iya magana. Muka kewaye su da gumi a jikinmu. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya kai masa abin maganar bakinsa.

"Baba, wasu tashoshin waje suna cewa wai lebura a nan ba sa iya ciyar da iyalinsu. Kai magidanci ne. Gidanka ana kwana da yunwa?"

Duk wanda ya tashi cikinmu ya san abin da aka tambaye shi. Ba maganar gwamnati ba ce kuma, maganar gidansa ce. Ga mu tsaye, ga kapita, ga garin Garwa duka zai ji, ga surukansa na garin Gidar da ba sa rabuwa da rediyo. Magidanci ba ya tsayawa gaban jama'a ya ce ya kasa ciyar da matar da aka ba shi. Ko ni aka tambaya haka, abin da zan faɗa ke nan.

"Subhanallahi," in ji shi. "Gidana ba a kwana da yunwa. Muna aiki, muna ci, mun gode Allah, mun gode wa gwamnati." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai in da hali a duba mana lada, don hatsi ya yi tsada ƙwarai, yara suna wahala."

Da kunnena na ji wannan ta ƙarshen. Amma da aka sako muryarsa da yamma, muna zaune ƙarƙashin darbejiya, a kan "mun gode wa gwamnati" ta tsaya, sai kiɗa ya biyo. Washegari aka sake sakawa. Jibi ma haka. Har da Fillanci aka fassara: ga wani dattijon lebura ya ƙaryata masu ɓata sunan ƙasa.

Ba a daɗe ba hatsin taimakon ya iso. Wata jar dawa ce ta ƙasar waje, mai tauri, tana warin buhu, amma dai dawa ce. A ƙofar jauro, mai unguwarmu, ake rabawa. Aka ce na marasa aiki ne da waɗanda suka gudo daga arewa. Mu 'yan por da muka je, mai rabon ya dube mu ya yi murmushi.

"Ku ai masu albashi ne. Ba babbanku ne ya faɗa a rediyo ba? Ku ba mabukata wuri."

Muka dawo da buhunanmu a naɗe. Daga ranar sunan Baba Garba ya koma Baba Ƙoshi. A por idan ya ɗauki buhu sai wani ya ce, "A ƙara masa ɗaya, shi ai ya ci ya ƙoshi." Bai taɓa tankawa ba. Bai kuma taɓa cewa an yanke masa magana ba, don a ganinsa faɗin haka zargin gwamnati ne.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne akushinsa. Namu kwanukan kullum raguwa suke, tuwon ya koma ɗan mulmule a tsakiyar miya. Nasa kuwa sai ya ƙaru. Ya buɗe faifai ka ga tuwo har baki. Kowa ya karanta akushin nan yadda ya ga dama.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Ladanku ɗaya da shi. Mai tattali ba ya jiran kamiyo."

Bulus kuwa a hanya ya ce mini, "Ango, kai yaro ne. Biyansa suka yi. Kana tsammani a banza mutum zai sayar da 'yan'uwansa?"

Mu dai yunwa muke ji. Mukan cinye tuwon tas, har a sa yatsa a share gefen akushin, ya koma gida a bushe.

Hadiza ce ta gaya mini. Na dawo daga por da la'asar na same ta zaune bakin murhu ba ta hura wuta ba.

"Malam, tuwon gidan Baba da kuke ci, kun san na wane ne?"

"Na gidan Baba mana."

"Shi ke nan abin da ake tuƙawa a gidan. Duka. Tun ranar da aka sa shi a rediyo ya ce wa Inna Dudu kada akushinsa ya fita da rabi, kada a ce ya yi ƙarya. Ita da yara tafasa suke ci, sai ƙanzon tukunya. Jira suke a dawo da saura, ku kuma ba ku bari." Ta share ido da bakin zane. "Yau na ɗauki Kande. Malam, kamar na ɗauki tsintsiya. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun fara kumbura."

Da zana kawai tsakaninmu, ga tuwon yarinyar a cikina.

Alhaji na fara samu. Ya yi salati. Duk da abin da yake faɗa a kan kyauta, a ranar ya sa aka kai dawa gidan cikin ƙwarya, a rufe. Kafin magariba Baba Garba ya dawo da ita da kansa.

"Alhaji, na gode, Allah ya saka. Amma a ba mabukata. Ni gidana lafiya."

Ƙofar jauro kuwa ko da wuƙa a wuya ba zai je ba, kuma ko ya je ba za a ba shi ba. Na ce ko mu riƙa rage ci a akushin. Muka gwada, sai ya lura, ya riƙa tura mana shi yana cewa, "Ku ci mana, ko miyar Dudu ce ba ta yi muku ba?" Dole muka cinye.

Bulus na gaya wa a ƙarshe, don ina tsoron bakinsa. Muna zaune a inuwar gangunan mai muna jiran a kira mu. Ya saurara har na gama. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Tsohon banza," a hankali. Ya tashi ya koma aiki.

Da magariba aka jera kwanuka. Aka gama labaran gwamnati. Baba Garba ya buɗe akushi, ya turo shi tsakiya. Sai Bulus ya janye hannunsa ya naɗe a ƙirji.

"Ni na daina cin wannan."

Baba Garba ya ɗago kai ya dube shi.

"Me ka ce, ɗan dutse?"

"Na ce ba na cin tuwon gwamnati. Da bakinka aka hana 'ya'yana hatsi. Wanda ya biya ka ya zo ya ci. Duk lebura mai zuciya a nan ba zai sa hannu a akushin nan ba."

Na buɗe baki zan ce masa ya ji tsoron Allah, sai na ji ya take mini ɗan yatsan ƙafa da ƙarfi. Na dube shi. Idonsa ba na mai fushi ba ne. Nan take na gane. Na janye hannuna.

"Ni ma, Baba, ka yi haƙuri. Ina tare da Bulus."

Sauran suka dubi juna. Matansu sun riga sun gaya musu halin gidan, ɗaya bayan ɗaya suka janye. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi kamar ta Baba Garba a ranar ba. Ni da ya yi wa waliyyi a aurena.

Alhaji ya fi mu saurin dabara. Ya daka wa Bulus tsawa.

"Marasa kunya! A ƙofar gidana za ku wulaƙanta dattijo? To ku ma ba za ku ɗanɗana nawa ba. Baba, rufe akushinka, kada ka ba 'yan tawaye ko loma. Matso mu ci nawa ni da kai."

Ya jawo kwanonsa, wanda ya fi na kowa maiƙo, ya sa a gaban Baba. Suka ci su biyu, mu muka ci namu a gefe. Da suka gama, Alhaji ya buɗe akushin ya juye sauran nasa a kai.

"Gara a kai wa yaran gidanka da in bar wa waɗannan."

Baba Garba ya ɗauki akushinsa da nauyinsa ya shiga gida, ko sallama bai yi mana ba. Ni ma na shiga nawa. Ta jikin zana na ji an ajiye akushi, na ji motsin yara, na ji Inna Dudu tana cewa, "A hankali, Kande, a hankali, akwai saura." Hadiza ta toshe bakinta da zane. Muka zauna muna sauraron ƙarar hannuwa a cikin akushi kamar masu sauraron wa'azi.

Haka muka yi ta yi har ƙarshen damina. Baba bai daina fitowa ba, don in ya daina za a ce an kore shi. Kullum ya kawo akushi cike, kullum Bulus ya ƙirƙiro sabon zagi, kullum Alhaji ya rama masa ya juye saura. Gardamar lada da taimako da tashoshin nan biyu ta ci gaba, har ta fi da zafi, don yanzu akwai dalilin da ya sa ba a so ta mutu. Abin bai zo wa Bulus da sauƙi ba. Maganar tuwon gwamnati ta fita daga layinmu. Jauro ya kira shi ya ce ya iya bakinsa, shi baƙo ne, jandarma, jami'an tsaron gwamnati, ba sa wasa da irin wannan. Kapita ya riƙa tsallake shi idan ana zaɓen masu aiki. Na ce masa ko mu bari haka.

"Ƙafar yarinyar ta sace?"

"Ta fara."

"To ba yanzu ba."

Can wajen ƙarshe, da kowa ya fid da rai, aka yi ruwa. Ba mai yawa ba, amma ya yi kwanaki yana zuba a hankali, irin wanda ƙasa ke shanyewa. Gero da dawar tudu sun riga sun tafi. Sai dai baƙar ƙasar fadama, wadda muke ce wa karal, ta sha ta riƙe. Baba Garba yana da ɗan fili a can, kuma ya yi yafin masakwa, wato dawar rani, tun da wuri. Da ruwa ya janye ya kira gayyar dashe. Bai kira Bulus ba. Amma da sassafe muka sami Bulus a gonar ya riga kowa, yana riƙe da sandar huda ƙasa. Shi ke huda rami, ni in zuba ruwa da gwangwani, Baba ya sa dashe ya danne da ƙafa. Rana ta yi ta dukanmu, laka tana kama ƙafa, ƙishirwa tana kama maƙogwaro. Yini guda Baba da Bulus suna bin layi ɗaya, babu wanda ya ce wa wani sannu.

Masakwa ba ta son ruwan sama, da danshin ƙasa da sanyi take girma. Muka yi ta jiran ta muna dako a kasuwa. Ladan por ba a ƙara ba a shekarar, rediyo kuma ta koma wasu labaran. Kande ta tashi, har tana bin awaki a layi. Da sanyi ya fara ja baya aka yanke masakwa, kawuna farare masu nauyi.

Ranar da aka fara tuƙa sabuwa a gidan Baba, tun daga zaure muke jin ƙamshin. Ya fito da akushi ya ajiye. Ya buɗe faifai, tururi ya tashi, tuwo fari sol da miyar kuɓewa. Bai tura shi tsakiya ba. Gaban Bulus ya tura shi.

"Wannan ba na gwamnati ba ne. Da hannunka ka huda raminsa. Ci."

Bulus ya fara neman abin da zai ce. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka wahalar da kanka. Tun ranar farko na ga ka take ƙafar ango. Tsufa na yi, ban makance ba."

"To, Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In ce me? In ce na gode, ka daina?" Ya gyara zama. "Amma fa ka iya zagi, ɗan dutse. Wasu ba sai ka faɗa ba."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Bulus ya sunkuyar da kai, ya yanki loma, ya daɗe bai kai ta baki ba. Da ya haɗiye sai ya share fuska da hannun riga ya ce, "Duk da haka lada ya yi kaɗan."

"Ana shiri," in ji Baba Garba. "Alhaji, kama mana tasharmu."

Su ukun duka sun riga mu gidan gaskiya. Por ta mutu tun da aka tare kogin a sama, katakon da muke bi ya ruɓe. Tashoshi yanzu sun yi yawa, kowa da wadda ke faɗa masa abin da yake son ji, kuma ba mai rage murya. A layinmu an daina ciyayya, kowa a ɗakinsa yake ci. Kande tana aure a Gidar, 'ya'yanta sun girma. Da mahaifinta ya rasu, akushin ta aiko mini da shi, ta ce Inna ta ce a gidana ya kamata ya zauna.

Jiya da malam ya shigo aji gardama ta tsaya, muka buɗe littattafai. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, mai cewa shi kada a ba shi komai, kusa da ni yake zama. Na lura fensir yana rawa a hannunsa, leɓɓansa sun bushe. Da aka tashi na tambaye shi gida, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Na ce madalla. Na dawo na ce wa Hadiza ta sauko da akushin nan ta wanke, gobe ina da baƙo daga ajinmu, kuma ta shirya, don mutumin mai gardama ne.